Fumfuna: abin da damina ke bari a ƙarƙashin kafet

Yammacin jihar Katsina ba wuri ne da aka saba ambatonsa a zancen laima ba. Kusan wata bakwai na shekara babu ruwan sama a Batsari da Safana, a hunturu kuwa rigar da aka shanya da hantsi kan bushe kafin azahar. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba al'amarin kan juya. Kusan duk ruwan shekara yana sauka ne a cikin wata huɗu, mafi yawansa a Agusta, kuma a kwanakin marka rana kan yi kwana biyu ko uku ba ta fito sosai ba.

A wannan tsakanin ne ɗakuna da masallatai da dama ke ɗaukar wani wari mai kama da na tsohon rumbu, wanda turare ba ya korarsa. Idan aka ɗaga gefen kafet sai a tarar da tabo-tabo, wani baƙi, wani kore-kore, wani fari kamar an barbaɗa gari. Ita ce fumfuna, wadda a bakin Katsinawa da Sakkwatawa kan fito hunhuna.

Mece ce fumfuna?

Halitta ce mai rai, dangin naman kaza da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyin iri da ido ba ya gani, waɗanda ke yawo a cikin iska a kowane lokaci, a waje da cikin ɗaki. Babu gidan da ya rasa su, komai tsabtarsa. Ire-iren da aka fi samu a cikin gidaje sun haɗa da Aspergillus, da Penicillium, da Cladosporium.

Ƙwayar ba ta bukatar hasken rana kafin ta tsira. Ɗumi take so, da abin ci, da danshi. Ɗumin akwai shi a ƙasar Hausa ko a tsakiyar damina. Abin cin ma ba ya yankewa, domin fumfuna na cin auduga, da ulu, da fata, da zaren rama ko makamancinsa da ake saƙa bayan wasu shimfiɗu da shi. Galibin kafet ɗin da ke kasuwa a yau da zaren roba ake yinsa, wanda ita ba ta iya ci, sai dai ƙurar da ta taru a cikinsa tun hunturu, da ɓurɓushin tuwo, da digon koko, da gumin ƙafa, sun ishe ta.

Saura danshi ke nan, kuma shi kaɗai ne mai gida ke da iko a kansa.

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ce kayan da suka jiƙe, idan aka busar da su cikin sa'o'i 24 zuwa 48, yawanci fumfuna ba ta kama su. Ta kuma ba da shawarar kada laimar iskar ɗaki ta wuce kashi 60 cikin 100. A yankin Katsina laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 a hunturu, amma a Agusta takan haura kashi 70. Watau a wannan watan iskar kanta tana taimakon fumfuna, ko da ba a zubar da ruwa a ɗaki ba.

Daga tabarma zuwa kafet

Iyaye da kakanni ma sun san hunhuna, amma a jikin ƙwarya, ko sirdi, ko hatsin da bai gama bushewa ba suka fi saninta. Shimfiɗar ɗaki ba ta cika damunsu ba, saboda yadda ake mu'amala da ita. Tabarmar kaba da safe ake naɗe ta a jingine, a share daɓe, a bar ƙasa ta sha iska har dare. Buzun malam ana kakkaɓe shi a rataye. Darduma da kilishi kayan fada ne da na baƙi, ana shimfiɗa su ana ɗaukewa. Shi kansa daɓen ƙasa, wanda aka buga aka shafe da makuba, yana barin danshi ya fita ta samansa.

Kafet na bango zuwa bango ya zo da wata ɗabi'a dabam. Ranar jere ake shimfiɗa shi a ɗakin amarya, a ɗora masa gado, da kabad, da kujeru, wasu ma har da gam ake manne gefensa. Daga nan sai a yi shekara uku ko biyar ba a ga ƙasan ɗakin ba. Ana share samansa kullum, ana turara shi, mai ɗaki tana iya ƙoƙarinta, amma ɓarnar daga ƙasa take tasowa.

Wannan ya sa bai dace ba a ɗora laifin warin ɗaki a kan ƙazantar matar gida, kamar yadda ake yawan yi a gulmar unguwa. Sau da yawa laifin na ginin ne.

Siminti ba ya tare ruwa kamar yadda mutane suka ɗauka. Yana da ƙofofi ƙanana da ke zuƙo danshi daga ƙasa, musamman idan ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa ba kafin a zuba kankare, abin da ƙananan magina da yawa ke tsallakewa don rage kashe kuɗi. Idan kuma ƙasan ɗaki ya yi daidai da tsakar gida, ko ya fi ta kwari, to ruwan da ya kwanta a gindin bango zai sami hanya. Sabon daɓen siminti ma yana ɗaukar makonni kafin ya saki ruwan da aka kwaɓa shi da shi, ko da samansa ya nuna ya bushe. Ɗakin da aka yi wa daɓe saura mako guda biki, aka rufe shi da kafet, an rufe shi ne da ruwansa.

Akwai masu shimfiɗa ledar ɗaki a ƙasa sannan su ɗora kafet, da nufin kare shi. Ledar kan tare danshin ƙasa, amma sai ya taru a ƙarƙashinta ya yi baƙi ya yi yauƙi, ruwan da ya zuba daga sama kuma ya rasa inda zai bi, ya kwanta tsakaninta da kafet.

Ana iya gwada ƙasan ɗaki ba tare da wata na'ura ba. A yanko leda garai-garai mai faɗin kamu biyu, a manna ta a siminti da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana ta wuni. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko simintin ya yi duhu, to ƙasan na fitar da danshi, kuma duk kafet ɗin da aka kwantar a kai zai yi fumfuna komai yawan wanki.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne farin gishirin da ke fitowa a gindin bango kamar kanwa. Wannan ba fumfuna ba ce. Gishiri ne da ruwa ya kwaso daga bulo ko ƙasa ya bari bayan ya bushe, kuma yana narkewa idan aka ɗiga masa ruwa. Sai dai shaida ce cewa bangon na shan ruwa.

Sauran hanyoyin ruwan sananne ne: kwanon da ƙusarsa ta saki, da rufin soron da ba a yi wa yaɓe ba kafin damina, da indararon da ke zuba a gindin gini, da tagar da feshi ke shigowa ta cikinta.

Alwala da tsarki

A masallatai matsalar na da wata fuska. Sau biyar a rana masallata ke shigowa da ɗanyar alwala a ƙafa, kuma duk a bakin ƙofa ɗaya suke fara takawa. Da rani wannan bai taka kara ya karya ba. Da damina kuwa wurin ba ya bushewa tsakanin la'asar da magariba, ga masallacin a kulle, fanka a kashe. Shi ya sa wari kan fara daga sahun baya da bakin ƙofa. Mai sujada kuma hancinsa da bakinsa a kan shimfiɗar suke, wanda ke nufin ya fi mai zaune a kujera shaƙar abin da ke cikinta.

Kwamitin masallaci zai iya rage wannan da ɗan abu kaɗan: tabarmar roba ko buhu mai tsotse ruwa a bakin ƙofa wanda ake canzawa, da barin tagogi a buɗe tsakanin salloli idan ba a ruwa, da naɗe sahun baya a fitar rana duk ranar da gari ya washe.

A gida kuma akwai batun fitsarin yara. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen yankin ke bi, ruwa mai tsarki ne ke gusar da najasa, don haka uwa kan kwarara buta guda a wurin. Ta yi abin da ya kamata ta fuskar tsarki, amma ruwan ya ratsa ya kwanta a ƙasa. Abin da ya rage shi ne a danne wurin da busasshen tawul har ya daina jiƙewa, sannan a ɗaga gefen kafet ɗin a tokare shi da kujera 'yar tsugune ko wani abu, iska ta ratsa sama da ƙasa.

Gidajen da aka kulle

Batsari da Safana na bakin dajin Rugu, kuma hare-haren 'yan bindiga, musamman daga 2019, sun tilasta wa dubban mutane barin ƙauyukansu zuwa garin Batsari, da Dutsin-Ma, da birnin Katsina, wasu suka sauka a makarantu, wasu a gidajen 'yan'uwa. Kusa da asarar rayuka da dukiya, fumfuna ƙaramin abu ce. Amma tana cikin abin da mai komawa gida ke tararwa. Ɗakin da ya yi damina guda a garƙame, da katifa da darduma da buhunan hatsi a ciki, wuri ne da ta fi so. Ya kamata a buɗe ƙofa da tagogi a bar shi ya sha iska kafin a shiga aiki, kada kuma a tura yara su yi sharar.

Inda aka sauki baƙi kuma cunkoso ne ke kawo ta. Babban mutum guda kan fitar da ruwan da ya fi kofin shayi ta numfashi da gumi a dare ɗaya. Idan mutum takwas suka kwana a ɗaki, aka rufe taga saboda tsoro ko sauro, aka kuma shanya wanki a igiya a ciki, ruwan nan bango da shimfiɗa ne za su shanye shi.

Illa ga lafiya

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine. Ta ce mazauna gidaje masu danshi sun fi fuskantar tari, da shesshekar numfashi, da cututtukan hanyar iska, da tashin ciwon asma. Ga mafi yawan mutane abin kan tsaya a atishawa, da toshewar hanci, da ƙaiƙayin ido ko fata, wanda ake ɗauka murar damina ce. Alamar da ake lura da ita ita ce mutum ya ji sauƙi idan ya bar ɗakin, abin ya dawo idan ya koma.

Haɗarin ya fi yawa ga jarirai masu rarrafe, da tsofaffi, da masu asma, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Akwai kuma waɗanda suka taɓa yin tarin fuka. Cutar kan bar ramuka a huhu ko bayan an warke, kuma Aspergillus na iya zama a cikinsu ya haddasa tari mai daɗewa, da rama, wani lokaci da jini, har a ɗauka tarin fukar ne ya dawo. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, don haka wannan ba ƙaramin batu ba ne. A 2022 WHO ta fitar da jerin ire-iren wannan halitta 19 da suka fi barazana ga lafiyar ɗan'adam, ta kuma sanya Aspergillus fumigatus a rukunin farko.

A Ingila, mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, a garin Rochdale a Disamban 2020, ita ta sauya yadda hukumomi ke kallon lamarin. A Nuwamban 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke hukuncin cewa daɗewa cikin fumfuna a gidan hayar iyayensa ne ya jawo ciwon numfashin da ya yi ajalinsa. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025, inda ta wajabta wa masu kula da gidajen hayar talakawa su duba ƙorafin danshi su gyara cikin ƙayyadadden lokaci.

Yadda ake cire ta

Idan tabon bai yi yawa ba, kuma shimfiɗar na ɗaukuwa, aikin a waje ake yinsa, ba a ɗaki ba. A naɗe ta a hankali a fitar, domin kakkaɓewa a ciki na watsa ƙwayoyin ko'ina. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu, ya tsaya ta inda iska ke tahowa. A fara shanya ta ta bushe, a goge da buroshi mai ƙarfi gaba da baya, sannan a wanke da omo da ruwa, a ɗauraye sosai.

Shanyar ita ce rabin aikin. A rataya a igiya ko katanga yadda iska za ta bi ta ko'ina, a juya bayan ya kalli rana, domin a can fumfunar take, kuma hakan na rage koɗewar launi. Saman kafet kan yaudari hannu: ya bushe alhali bayansa da sauran lema. Wanke kafet mai kauri a tsakiyar marka kuskure ne da ake yawan yi, domin wanda ya kwana biyu a jiƙe yakan fi yadda yake a da wari. In babu dole, gara a jira ranar da gari ya buɗe, ko a bari sai kaka.

Ruwan khal na taimakawa a kan tabo, amma ba maganin komai ba ne. Wani bincike da masana na Jami'ar Adelaide a Ostareliya suka buga a 2015 ya nuna cewa ya hana wani nau'in Penicillium girma, amma bai yi tasiri a kan Aspergillus fumigatus ba. A gwada shi tukuna a wani lungu na shimfiɗar, a ga ko launi zai zuba.

Bilic, irin su Hypo da Jik, na siminti ne da tayil, ba na darduma ba. Yana cinye launi, yana kuma lalata ulu. Don wanke ƙasan ɗaki bayan an ɗauke kafet, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada a wuce kofi ɗaya a cikin ruwa kusan lita huɗu, tagogi kuma a buɗe. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan khal ko ruwan wanke masai, domin haɗin na tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Kashe fumfuna kaɗai kuma bai wadatar ba, sai an goge ta an cire, saboda matacciyar ma na tayar da atishawa da asma.

Buzu da sauran kayan fata ba a jiƙa su. Goge su ake yi, a rataye a inuwa mai iska. Tabarmar kaba da ta yi baƙi har cikin saƙarta kuwa kuɗinta bai kai wahalar cetonta ba.

Turaren wuta, wanda shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, rufe wari yake yi na ɗan lokaci, fumfunar na nan tana aikinta. Mafi muni shi ne ajiye kaskon garwashi a ɗaki a rufe ƙofa don kafet ya bushe. Gawayi na fitar da wata iska marar launi, marar wari, da ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Fanka da buɗaɗɗiyar taga sun fi shi aiki.

Wanda ya wuce gyara

A nan ne magana ke yi wa mai gida nauyi, domin kafet na cikin kayan da iyaye suka yi ɗawainiyarsu, kuma sabo ba ya sayuwa da sauƙi. Amma Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kaya masu tsotse ruwa irin su kafet, idan fumfuna ta shige su, sau da yawa sai dai a zubar, domin jijiyoyinta kan ratsa inda buroshi ba ya kaiwa. Ta kuma ce idan wurin da ta kama ya wuce kimanin murabba'in mita ɗaya, aikin ya fi ƙarfin gyaran gida. Kafet ɗin da bayansa ke marmashewa, ko soson ƙarƙashinsa ya yi baƙi, ko warinsa ya dawo bayan an wanke an busar, ya kai wannan matakin. Wani lokaci ana iya yanke ɓangaren da ya lalace a tsira da sauran.

Ruwan ambaliya hukuncinsa dabam ne. Ambaliyar da ta auka wa Jibiya, maƙwabciyar Batsari ta arewa, a Yulin 2018, ta kashe mutum sama da 40, ta kuma shiga ɗaruruwan gidaje. Irin wannan ruwa yana tahowa da abin da ya kwaso daga masai, da kwata, da garken dabbobi. Kafet mai kauri da katifar da suka sha shi ba su da amfani kuma, ko da sun bushe. Ƙaramar darduma da sallaya da za a iya wankewa da ruwan zafi da sabulu su ne ke tsira.

Ga mai sayen sabo a gidan da ƙasansa ke danshi, guntayen shimfiɗu biyu ko uku da mace ɗaya za ta iya naɗewa ta fitar sun fi na bango zuwa bango, kuma a bar tazarar ɗan yatsu tsakanin kabad da bango.

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa a Nuwamba, warin kan ɗauke, mutane su manta. Ƙwayoyin ba mutuwa suke yi ba, suna jure fari na tsawon watanni, su farfaɗo da ruwan farko. Daga Disamba zuwa Afrilu ne ake samun damar fitar da gado da kabad, a ɗaga kafet gaba ɗaya, a toshe tsagar daɓe, a gyara kwano da indararo, a kuma cike gindin bango da ƙasa ta yadda ruwan tsakar gida zai gangara waje.